Shirinmu na wannan mako a rubuce: an kwance marin, to ina aka kai yaran?

Ga wani sabon shirin daga nan Tudun Wadan Zariya. Waɗanda data ba ta bari su saurari murya, ga shi mun rubuta muku kamar yadda muka saba.

Yau maganar mari za mu yi. Marin ƙarfe nake nufi, wanda ake ɗaura wa ɗan Adam a ƙafa a buga masa kwaɗo, saboda ya samu taɓin hankali, ko ya faɗa shaye-shaye, ko kuma iyayensa sun ce ya gagare su. Za mu fara daga gida, mu leƙa ƙasar Japan, sannan mu dawo. Kada ku yi mamakin jin Japan a cikin zancen. Ƙasar da muka sani da Toyota da Honda ta yi fama da irin wannan matsala shekara da shekaru, duniya ta matsa mata lamba, ta canja doka, kuma abin da ya biyo baya akwai darasi a cikinsa ga duk wanda yake da mara lafiya a gida.

Bari mu tuna wa juna abin da ya faru a 2019, don an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar 26 ga Satumba na wannan shekara 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara. Da yawansu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Hotunan suka zagaya duniya cikin kwana ɗaya. Daga nan abin ya zama kamar an buɗe famfo. A watan Oktoba aka shiga wani gidan a Daura, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari. Aka shiga wani a cikin Katsina. Aka koma Rigasa aka fito da mutum 147 daga wani gidan daban. Mu ma nan Zariya ba a tsallake mu ba, a cikin watan ne aka fito da mutum 11 daga irin waɗannan wurare. Aka yi a Ilorin, aka yi a Ibadan. Kafin shekara ta ƙare, waɗanda aka kwance sun kai kusan 1,500.

A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan Najeriya. Ta ce tsakanin Agustan 2018 da Satumban 2019 ta ziyarci wurare 28 da ake ajiye masu lalurar ƙwaƙwalwa, a jihohi 8 da Abuja, ta tarar da mutane a ɗaure a 27 daga cikinsu. Ku lura da wannan da kyau: wuraren sun haɗa da gidajen malamai, da coci-coci, da gidajen masu maganin gargajiya, har da asibitoci da cibiyoyin gwamnati. Saboda haka duk wanda ya ce an shirya abin ne don a ɓata wa addini guda suna, to bai duba rahoton ba. Marin bai tambayi addinin mai ɗaurawa ba.

Na san abin da wasunku za su ce, don ana faɗa a majalisa ana faɗa a shagon mai shayi: ina ruwan Turawa da yadda muke gyara 'ya'yanmu? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, zan kuma dawo kanta. Amma mu fara da sanin cewa Najeriya da hannunta ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta tabbatar da ita a 2010. Kundin tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 34, ya haramta azabtar da mutum ko wulaƙanta shi. A 2017 majalisarmu ta yi dokar hana azabtarwa. Idan na waje ya zo yana tambaya, alkawarin da muka ɗauka da bakinmu yake tuna mana. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

To yanzu mu tafi Japan, ku ji yadda tasu ta kaya.

A shekarar 1900 gwamnatin Japan ta yi wata doka da ta ba iyali damar su tsare mai taɓin hankali a cikin gida, da izinin hukuma. Sai a gina masa ɗan keji na katako a lungun gida ko a bayan gida, a riƙa miƙa masa abinci ta ƙaramar taga. Irin turun da kakanninmu suka sani ke nan, sai dai nasu da takardar gwamnati. Wani farfesan likitancin ƙwaƙwalwa a jami'ar Tokyo, Kure Shuzo, ya tura ɗalibansa ƙauyuka suka duba irin waɗannan ɗakuna sama da 300, ya fitar da rahoto a 1918 yana neman a daina. Ba a daina ba sai 1950, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka yi sabuwar doka ta haramta tsare mara lafiya a gida. A tsibirin Okinawa ma, da yake yana hannun Amurka a lokacin, an ci gaba da yi har 1972.

An hana keji a gida. To ina za a kai mutanen? Gwamnatin Japan ta zaɓi hanya mai sauƙi: ta ba 'yan kasuwa da likitoci rance mai rahusa su gina asibitocin ƙwaƙwalwa masu zaman kansu, ta kuma yarda su yi aiki da likitoci da ma'aikatan jinya ƙasa da adadin da ake buƙata a sauran asibitoci. Gadaje suka yi ta ƙaruwa har suka wuce 300,000. Mai asibiti kuwa kuɗinsa yana zuwa ne daga gadon da yake cike, to me zai sa ya yi gaggawar sallamar mara lafiya? Mutum ya shiga yana saurayi, ya tsufa a ciki. A 1968 wani likita ɗan Ingila, David Clark, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tura, ya rubuta wa Japan shawara cewa ta rage tara mutane a asibiti ta koma kula da su a cikin al'umma. Aka karɓi rahoton aka ajiye.

Sai a watan Maris na 1984 jaridar Asahi Shimbun ta fallasa cewa a wani asibiti mai zaman kansa a garin Utsunomiya, arewa da Tokyo, ma'aikata sun lakaɗa wa marasa lafiya biyu duka har suka mutu a shekarar da ta gabata. Wani lauya ɗan Japan, Totsuka Etsuro, ya ɗauki maganar ya kai gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva. A 1985 wata ƙungiyar masana shari'a ta duniya ta tura tawaga Japan ta yi bincike. Kunya ta kama gwamnati. A 1987 aka gyara dokar: aka shigo da tsarin kwanciya asibiti da yardar mara lafiya, aka kafa kwamitocin da wanda aka tsare zai iya kai ƙara gare su ya nemi a sallame shi.

Wannan nasara ce, kuma matsin lambar waje ya taka rawa a cikinta, babu mai musu. Amma ku duba su wane ne suka fara: ɗan jarida na cikin gida ne ya tono, lauya na cikin gida ne ya kai ƙara. Na waje sun zo ne suka ƙara wa muryar ƙarfi. Sannan ku duba abin da ya rage. Har yau Japan tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan gadajen asibitin ƙwaƙwalwa idan aka kwatanta da yawan jama'a, mafi yawansu a hannun masu zaman kansu, kuma dubban mutane sun shekara biyar, goma, har fiye a kwance. A 2022 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ya sake kiran Japan da ta daina kwantar da mutane ala tilas. A 2023 gidan talabijin na NHK ya nuna yadda ake dukan marasa lafiya a wani asibiti a Hachioji, a gefen Tokyo, har aka kama ma'aikata. Shekara kusan 40 ke nan bayan Utsunomiya.

Kun ga abin da nake so mu gane? Japan ta rufe kejin gida, tsarewar ta tashi ta koma asibiti. An gudu ba a tsira ba. Muddin iyali ba su da inda za su kai mara lafiyarsu a duba shi ya dawo gida, to ko an rufe ƙofa ɗaya wata za ta buɗe, sunan wurin kawai zai canja.

Mu dawo gida. Waɗanda aka fito da su daga Rigasa a 2019, an fara kai su filin wasa a Kaduna, daga baya aka mayar da su sansanin alhazai, aka ce iyaye su zo su ɗauki nasu. Wasu iyayen ma fitowa suka yi suna ƙorafi, suna cewa su da kansu suka kai 'ya'yan, kuɗi suke biya, don me za a rufe? Mutane da yawa sun zage su a lokacin. Ni dai ina ganin kafin zagi ya kamata a tambayi abin da ya kai uwa ga miƙa ɗan da ta haifa a sa masa ƙarfe.

Ku ɗauki misalin gida irin namu na nan Tudun Wada ko Tudun Jukun ko cikin birni, ɗaki biyu ko uku, mutum goma sha. Saurayi ya fara da sholisho, ya koma kodin da tiramol, yanzu ba ya barci, ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, jiya ya ɗauki wuƙa ya bi ƙanensa. Uban ɗan fansho ne ko ɗan tireda. Me zai yi? Ya kai shi wurin 'yan sanda, su riƙe shi kwana biyu su sako shi. Ya kai shi asibiti, a ce ya kawo kuɗin gado da na magani, kuma dole wani ya zauna jinya. Sai maƙwabci ya ce akwai wani gida, ana biya kaɗan a wata, ana karatu, kuma ba ya iya gudowa. Wannan uban ba mugu ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da ya samu a gabansa shi ya kama.

Girman matsalar kuma ba ƙarami ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda a Najeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ƙungiyarsu ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba, kuma kullum wasu ficewa suke yi zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. A yankinmu manyan wuraren da aka sani su ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano, sai sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Mu mutanen Zariya ma da sauƙi, Shika tana kusa. Ku tuna da mutumin ƙauyen Giwa ko Soba ko Kubau.

Akwai wani misali na yadda surutun waje yake aiki a ƙasar nan. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken nan kan maganin tari mai kodin, inda aka nuna matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiya a Kano. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Likitoci da iyaye da sarakuna sun daɗe suna kuka kafin nan. Da duniya ta gani, sai aka motsa. To amma yaron da jikinsa ya riga ya saba, da aka hana kodin warkewa ya yi? Wani abin ya nema ya koma. Hani yana da sauƙin sanarwa, takarda ɗaya ce. Magani shi ne mai cin kuɗi da shekaru.

Ta fuskar doka an samu ci gaba, kuma ya kamata kowa ya sani. Dokar da muke amfani da ita a da ta 1958 ce, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916. Ita wannan doka ba ta san mara lafiya a matsayin mai haƙƙi ba, abin da ta sani shi ne a kama mahaukaci a killace. An kai ƙudirin canja ta majalisa tun 2003, ya yi ta kwana yana tashi. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Dokar ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci, a nemi ra'ayinsa a kan maganin, kada a nuna masa wariya a wurin aiki ko gidan haya, kuma ba a yarda a ɗaure shi da sarƙa ba. Ta tanadi a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kula da wannan fanni. Shekara 20 ana jira, kuma hotunan 2019 da rahotannin da suka biyo baya suna cikin abin da ya tura ta.

Sai dai doka a Abuja ba ta kwance ƙafar kowa a Zariya. Asibitocin jiha da na shan magani a unguwanni a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Idan ma'aikacin asibitin unguwa bai san alamun ciwon damuwa ko farfaɗiya ko rikicewar tunani ba, idan babu maganin a kantin asibitin, to uban nan da muka yi misali da shi yana nan inda yake. Abin tsoron ma shi ne, gidan da aka rufe a bakin titi yana iya komawa lungu inda ba mai gani, ko kuma marin ya koma cikin gida, a ɗakin da ke ƙuryar tsakar gida, baƙo ya zo ya tafi bai sani ba.

Kuma kada wani ya ce kula da mara lafiya a cikin jama'a dabarar Turawa ce. Ɗan Najeriya ma yana cikin waɗanda suka koya wa duniya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle mara lafiya, sai a sauke shi a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko inna ko ƙanwa. Da safe ya je asibiti a duba shi, da yamma ya dawo cikin mutane. Lambo ya yi aiki har da masu maganin gargajiya, bai kore su ba. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekara 14 ke nan kafin a ba Japan shawarar da ta ajiye a aljihun tebur. Abin da muke da shi a nan, wato dangi da maƙwabta da malaman da ake jin maganarsu, shi ne abin da irin wannan tsari yake buƙata.

To me za mu yi, mu da ba mu riƙe da gwamnati?

Na farko, idan akwai mai wannan lalura a gidanku, a fara da asibiti, kuma a je da wuri. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su. Yawancin masu zuwa sashen ƙwaƙwalwa ba a kwantar da su, ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida, su dawo ranar da aka ba su. Abin da yake mayar da mutane baya shi ne a ga sauƙi a daina shan maganin ba da izinin likita ba. A kiyaye wannan.

Na biyu, idan za ku kai yaro wata cibiya, kowace iri ce, ku yi tambaya kafin ku sauke jakarsa. Tana da rajista da gwamnatin jiha? Akwai likita ko ma'aikacin jinya da yake zuwa? Za a bar ku ku shiga ku ga inda zai kwana? Za ku iya ganinsa ku kaɗai, ba tare da wani yana tsaye a kansa ba? Duk inda aka ce sai bayan wata uku za ku gan shi, ko aka ce a zaure kawai za ku tsaya, ku ɗauki ɗanku ku tafi.

Na uku, idan ka san inda aka ɗaure wani, kada ka ce ba ruwanka. Ka fara da mai unguwa da limamin unguwa, a je a yi wa iyalin magana cikin mutunci, a taimaka musu da kuɗin mota zuwa Shika in shi ne matsalar. Idan wuri ne da ake tara mutane ana duka, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1995, tana da ofis a Kaduna. Wani abin mamaki, Japan da duk arzikinta har yau ba ta kafa irin wannan hukuma mai zaman kanta ba, kuma ana ta yi mata magana a kai. Mu muna da ita, saura mu yi amfani da ita.

Na huɗu, malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, ku ne iyaye suke fara zuwa wurinku kafin kowa. Kalma ɗaya daga bakin malam, ya ce a kai shi asibiti ni kuma zan ci gaba da addu'a, ta fi rahoto goma daga Geneva tasiri a unguwa.

Na ƙarshe, 'yan siyasa suna nan tafe neman ƙuri'a, kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha. Idan sun zo, a cikin buƙatun da za ku miƙa ku sa wannan: ma'aikacin da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin unguwa, da magani mai rahusa a kantinsa. Wannan babu wata ƙungiyar waje da za ta nema mana shi, don ba ta san sunan asibitin unguwarmu ba.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake da abin faɗa, ko ma'aikacin lafiya ne ko malami ko uba ko uwa, ya rubuto mana, amma don Allah kada a ambaci sunan mara lafiya ko a sa hotonsa, a rufa masa asiri. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya ba iyaye haƙuri da mafita. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.